ZANCEN KASUWA: Alhaji, ba kai ne jarumin labarin ba



A makon jiya wani Alhaji mai sayar da injin ban ruwa a Maraɗi ya same ni da takarda a hannu, yana so in gyara masa sanarwar da zai kai gidan rediyo. Na karanta ta daga sama har ƙasa. A cikin layi 12 an ambaci sunansa sau 5, an kira shi uban marayu, giwar kasuwa, wanda ya san Makka ya san Dubai. Shi kuwa injin sai a layin ƙarshe ya leƙo, kamar baƙon da ba a gayyata ba. Na ce: "Ranka ya daɗe, wa kake so ya ji wannan?" Ya ce: "Kowa da kowa." Na ce: "To, mai garkar albasa da zai ƙirgo jikkunansa ya ba ka, ina yake a cikin takardar nan?" Alhaji ya yi shiru.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun daga shekarun 1990, lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa a ƙasar nan, har zuwa yau da talla take yawo ta WhatsApp, yawancin ƴan kasuwarmu kirari suke saye da kuɗinsu, suna tsammanin talla ce. Kirari ba laifi ba ne ranar biki. Amma mai sauraro da ke zaune gindin rediyo damuwarsa ce ta dame shi, kuma ba ya miƙa kunne sai ya ji an taɓo ta.

Abin mamaki, maganin yana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Ku tuna tatsuniyar ƴar bora da aka kora rafi. Tana cikin wahala, ta gamu da wata tsohuwa, ta yi mata ladabi, tsohuwa ta ba ta abin da zai fisshe ta, ta komo gida da arziki. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya bi diddigin tatsuniyoyi 100 na ƙasarsu, ya bayyana a 1928 cewa matakai 31 ne kawai suke ta maimaituwa a cikinsu, kuma abin da ke tayar da tafiya shi ne rashi ko cuta. Mu ƴan kasuwa ba mu bukatar 31. Uku sun isa, kamar duwatsun murhu: mutum da damuwarsa, mai taimako da abin da ya kawo, sannan yadda rayuwa ta koma bayan an rabu da damuwar. In ɗaya ya kauce, tukunya ta kife.

Kuskuren Alhaji shi ne ya ɗauki kansa ƴar bora, alhali shi tsohuwar bakin rafi ne. Labarin na mai saye ne. Wani Ba'amurke, Donald Miller, a kan wannan magana ɗaya ya gina littafin da ya fitar a 2017, wanda masu rubuta talla suke karatu a ƙasashe da dama: mai saye shi ne jarumi, mai kaya kuwa ja-gora.

Mai shakkar cewa labari yana ƙara wa kaya daraja, ga abin da ya faru a Amurka a 2009. Wasu marubuta biyu, Rob Walker da Joshua Glenn, suka sayi tarkace guda 100 a wurin masu gwanjo, a kan dala 128 da ƴan kai. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Suka roƙi marubuta kowa ya ƙaga wa abu ɗaya labari, suka sa su a kasuwar eBay ta intanet. Kuɗin da suka tashi sun haura dala 3,600, wato ninki 28. Kayan ba su sake ba, idon mai saye ne ya sake.

Da na gama wannan bayani, sai muka sake rubuta sanarwar kamar haka: "Mai garka, ka san wahalar. Tun asuba kana jan guga, rana ta take, fangali na ƙarshe bai sha ruwa ba, albasa tana yaushi kana kallo. Ga injin da zai ɗauke maka jan guga. In ya lalace, kayan gyaransa suna nan wurinmu, ba sai ka je Kano ba. Ka shayar da garka da hantsi, ka koma gida da sauran ƙarfinka." Daga nan sai kuɗin injin, da inda kantin yake, da sunan Alhaji sau ɗaya tak. Manomin Galmi ko na Madawa da ya ji wannan, ya san da shi ake.

Amma fa a yi hattara, domin wuƙa mai kaifi ita ke yanka mai ita. Su Walker sun faɗa wa masu saye a fili cewa labarun ƙage ne, ba su yaudari kowa ba. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da izinin ƙaga abin da kayansa ba su yi. Kafin in rubuta maganar kayan gyara, sai da Alhaji ya tabbatar mini suna cikin shago. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a kasuwar da kowa ya san kowa: manomi ɗaya da aka cuta, kafin kasuwa ta sake ci ƙauye goma sun ji.

Ku ma ma'aikatan gwamnati, maganar ta shafe ku. Sau nawa muke jin sanarwar rigakafi ta soma da lambar doka da jerin muƙamai, har uwar da ake nema ta tashi ta koma kan dakanta? A soma da ita da ɗanta mai zazzaɓi, a gaya mata rana da wuri, a bar muƙamai su zo daga baya.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin sanarwa, ka karanta wa yaron shagonka ita, ka tambaye shi: labarin wa ya ji? In ya ce naka, yage ta ka sake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.