Wai Don Ba Mu Zubar da Jini Ba

Wani mai sharhi ya sake ɗauko tsohon zancen nan a rediyo ranar bikin 1 ga Oktoba: wai Najeriya ta lalace ne don a ruwan sanyi muka karɓi 'yanci, da mun yi yaƙi irin na Aljeriya da mun san darajarsa. Masu bugo waya sai sa masa albarka suke. Shi kuwa malamin, ko ƙarar tayar mota ya ji sai ya nemi ƙarƙashin tebur.

To, mu je Aljeriyar. Daga 1954 zuwa 1962 suna fafatawa da Faransa, su da bakinsu suna ƙirga shahidai miliyan ɗaya da rabi. Wannan jinin ya hana sojoji soke zaɓe a 1992? Ya hana 'yan ƙasar shafe shekara kusan goma suna yanka juna? Eritiriya ta yi shekara 30 tana yaƙi, ga Isaias Afwerki nan a kan kujera tun 1993, ba a taɓa kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba. Sudan ta Kudu ta ɗaga tuta a Yulin 2011, kafin 2013 ta ƙare Salva Kiir da Riek Machar sun juya wa juna bakin bindiga. Za a ce ai matsalarsu ta shugabanni ce. Mu tamu ta aljanu ce?

Kuma wa ya ce ba a zubar da jini a nan Najeriya ba? A Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a 1903. Satiru, dab da Sakkwato, an shafe ta a 1906. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Enugu saboda yajin aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda zancen ke fitowa. 'Yan jam'iyyar NEPU sun sha bulala a gaban alƙalan En'e, an ɗaure su da igiya an zaga da su kasuwa, 'Yan Mahaukata sun bi su da gora a Kano, Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita har aka gaji da ƙirgawa. Gidajen da suka ba da umarnin dukan mun san su, ba ɓoyayyu ba ne. Yau jikokinsu ne, cikin babbar riga mai aska takwas, suke gaya mana wai ba wanda ya sha wuya.