Littafin da babu sunansa a lissafi, ɓatacce ne

Duk ɗan kasuwar da ke babbar kasuwar Maraɗi ya san abu guda: hajar da ba a rubuta ba, rabonta a hannun yaran shago yake. Alhajin da ke da mangaza cike da buhunan shinkafa, in bai san adadinsu ba, to ya riga ya fara asara tun kafin ɓarawo ya haura katanga. Abin mamaki, wannan hikimar da ta yi wa alhazan Maraɗi suna daga Katsina har Kwatano, ba ta cika tsallakawa zuwa ɗakunan littattafai da ma'ajiyar takardun gwamnati ba. Can, an ɗauka tunda littafi yana kan kanta, ai yana nan. Alhali littafin da mai nema ba zai iya gano wurinsa ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

Tsohuwar hanya ita ce ta ƴan katuna. Kowane littafi a yi masa kati, a rubuta sunan mawallafi da sunan littafin da lambar kanta, a jera cikin akwatin katako. Hanyar ta yi aiki, kuma bai kamata a raina ta ba. Aibinta shi ne sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je gaban akwatin. Malamin makaranta a Tsibiri ba shi da yadda zai san ko littafin da yake buƙata yana Maraɗi, ko yana Yamai, ko babu shi a ƙasar gaba ɗaya, sai ya biya kuɗin mota.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka, babban ɗakin littattafan majalisar dokoki ya fito da tsarin MARC a shekarun 1960, wato ƙa'idar rubuta bayanin littafi ta yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta karanta. A 1971 jami'o'in jihar Ohayo suka soma haɗa katalog ɗinsu wuri guda ta waya: in ɗaya ta rubuta littafi, sauran sai su kwafa. A 1985 hukumar UNESCO ta fitar da manhajar CDS/ISIS ta ƙananan kwamfutoci, tana ba da ita kyauta, kuma cibiyoyin adana takardu da yawa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ita suka fara. Daga baya aka samu Koha, wadda aka ƙaddamar a Niyu Zilan a 2000, da PMB ta Faransa, dukkansu ba a sayen lasisinsu. Saboda haka duk wanda ya ce tsadar manhaja ce ta hana, ya nemi wani uzurin.

Ina matsalar take, to? Tana ga mutane, da kuma irin yadda aka saba karɓar porje. Kowa ya san salon: a kawo na'urori cikin kwali, a yanka kintinkiri, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto. Shekara biyu porje ya ƙare, wanda aka horar an yi masa canjin wurin aiki, kalmar sirri ta tafi tare da shi, na'ura ta sha ƙurar hunturu. Kwamfuta ba ta rubuta katalog da kanta. Sai wani ya ɗauki littafi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe, ya duba, ya shigar. Aiki ne na haƙuri da sani, wanda ake koyo a makarantu irin EBAD ta jami'ar Dakar, da ke horar da masu wannan sana'a tun 1967. Muddin ana kallon kujerar mai kula da littattafai a matsayin wurin ajiye ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi, ko dubun na'urori aka saya, asarar kuɗin talakawa ce kawai.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar Maraɗi fiye da Faris, ita ce ta rubutun sunaye. Mutum da idonsa ya san Djiratawa da Jiratawa gari ɗaya ne, Tibiri da Tsibiri ma haka, kuma Dan Kassaoua shi ne Ɗan Kasawa. Na'ura ba ta san wannan ba sai an gaya mata. Bature ya rubuta da salon Faransanci, ɗan Kano ya rubuta da bokon Najeriya, malamin zaure ya rubuta da ajami. Ɗalibin da ya buga "Tsibiri" zai sami rabin abin da ke akwai, ya tashi yana zaton shi ke nan. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda tsofaffin na'urori ke mayarwa alamar tambaya. Yau tsarin Unicode ya ɗauke su duka, amma sai wanda ke shigarwa ya damu ya sa su, kuma sai an yi jerin sunaye guda tabbatacce da zai haɗa kowane suna da ƴan'uwansa. A watan Maris na 2025 kundin tsarin mulkin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Katalog ɗin da ba ya rarrabe "ƙasa" da "kasa" yana ƙaryata wannan ayyanawa kullum.

Wani zai ce: a garin da ake fama da tsadar gero, wa ya damu da katalog? Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana cikin aljihun mai tambayar. Yankin Maraɗi na cikin wuraren da aka fi bincike a Nijar. An yi rubutu kan kafuwar garin bayan da sarakunan Katsina suka baro birninsu lokacin jihadi, da kafuwar Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka mayar da garin bisa tudu. Tashar binciken noma ta Tarna ta shafe shekaru tana gwajin iri. An yi rahotanni kan fadamar noman rani ta Jiratawa, da kan sassabin zamani da ya fara yaɗuwa daga nan a shekarun 1980. Duk lokacin da ma'aikacin gona ya kasa gano tsohon rahoto, sai a ɗauko masani daga waje a biya shi miliyoyin sefa ya sake auna abin da aka riga aka auna. Kuɗin daga harajin ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci suke fita, ko kuma bashi ne da jikoki za su biya.

Abin takaici ma, littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 kan alhazan Maraɗi, mai intanet a ko'ina cikin duniya zai same shi a rumbun cibiyar IRD ta Faransa cikin minti guda. Ba laifin Faransawa ba ne da suka kula da nasu lissafin. Sai dai jikan alhajin da aka yi littafin a kansa, ta hannun baƙo yake sanin labarin kakansa.

Nijar tana da misalin da za ta koya daga gare shi a gida. Cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kimanin 4000, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Sai da aka yi musu katalog, wanda gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta soma bugawa a 2004, masana na nesa suka san abin da ke ciki. A zaurukan malaman Maraɗi da Tsibiri akwai irin waɗannan takardu cikin gafaka, gara na cin su. Babu wanda ke cewa a ƙwace su daga masu su. A rubuta suna da mawallafi da gidan da suke ya isa matakin farko.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010, ita ce ta fi cancantar jan ragamar aikin. Ta buɗe katalog guda na jaha, da zai haɗa nata littattafan da kundayen ɗalibanta da na makarantun sakandare da na ma'aikatun gona da na magajin gari, wanda mutum zai duba da wayar salularsa. Majalisar ƴan kasuwa kuma, da ba ta rasa abin gina masallatai da makarantu, za ta iya ɗaukar albashin ma'aikata biyu ko uku masu horo na tsawon shekaru biyar, wanda ya fi kyautar kwamfuta ashirin amfani.

Sharaɗi ɗaya ne kada a manta. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, ba ta mayar ba sai Maris na 2024, kuma mutanen Maraɗi ba su buƙatar a tuna musu yadda watannin suka kasance. Don haka na'urar katalog ta dogara da hasken rana, a ajiye kwafin bayanan a wuri biyu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Yamai, kuma a riƙa buga shi a takarda kowace shekara. Tsofaffin akwatunan katuna kuwa, kada wani darakta mai ɗokin zamani ya bayar da su a hura wutar shayi kafin a gama gwada kowane kati da abin da aka shigar.