Sanarwar Bayan Taro kan Buɗaɗɗun Manhajoji a Birnin Yamai

Ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja da masu sha'awar kwamfuta ta yi zamanta ranar Asabar da ta gabata a nan Yamai. Mahalarta sun haɗa da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni, da masu gyaran kwamfuta, da malaman makaranta. An tattauna kan buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da izinin duba cikinsu, ya gyara, ya raba wa wasu.

ABUBUWAN DA TARON YA LURA DA SU

1. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma galibin tsofaffin kwamfutocin da ke makarantu da shagunanmu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Lafiyarsu ƙalau, kamfanin ne ya juya musu baya.

2. Debian 13, wanda zai iya maye gurbin Windows, ya fito ranar 9 ga Agusta 2025, amma ba ya hawa kan kwamfutocin PC masu tsarin bit 32. Sai a duba kafin a goge komai.

3. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, alhali kusan duk manhajar da muke taɓawa da Faransanci ko Ingilishi take magana.

4. Ɗaukewar wuta da tsadar intanet na nan daram, don haka dole aikinmu ya dace da su.

MATSAYAR DA AKA CIMMA

1. Za a riƙa keɓe yini guda kowane wata don ɗora Linux Mint ko Debian da LibreOffice kyauta ga duk wanda ya kawo na'urarsa. Sharaɗi guda ne: a fara kwafe takardunsa a wani wuri.

2. Kowane mamba ya saba da Git. Ba ya buƙatar intanet wajen adana aiki, saboda haka a riƙa yin git commit a kai a kai, kada wuta ta tafi da gumin yini. In babu layi, git bundle na tattara aikin duka cikin fayil guda, a miƙa wa abokin aiki ta USB.

3. Duk manhajar da za mu rubuta ta yi aiki da UTF-8 tun daga ma'ajiyar bayanai har zuwa allo. A gwada ta da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin a sake ta. Taron ya daɗe kan wannan batu, domin mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Najeriya kuwa 'y. Wanda ya nemi "ƴaƴa" a akwatin bincike ya kamata ya samu "'ya'ya", haka ma wanda ya rubuta k don allon wayarsa ba shi da ƙ.

4. Kada a jawo tarin manhajojin wasu cikin aiki ba tare da dubawa ba. Ɓoyayyiyar ƙofar da aka gano cikin XZ Utils a watan Maris 2024 ta ishe mu darasi: buɗaɗɗen abu ma sai an sa masa ido.

5. Za a sauke Wikipedia ta hanyar Kiwix a kai wa makarantun da ba su da intanet.

6. Mun daɗe muna ɗiba a rumbun da wasu suka cika, lokaci ya yi da za mu zuba namu. An kafa kwamitin fassara manhajoji zuwa Hausa, kuma an buƙaci kowa ya ba da muryarsa a shirin Common Voice na Mozilla. Taron ya roƙi masu jin Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Buzanci su shigo, kada a bar harsunansu a baya.

Za a duba rahoton kwamitin fassara a zama na gaba.

Sa hannu:
Shugaban taro
Magatakarda