Fure bakwai muka kashe da ban ruwa, ku zo ku ji

1/ Jama'a, zare ne yau 🧵 A bayan gidan kwanan ɗalibai da nake zaune a Istanbul akwai ɗan fili, bai fi tabarma biyu ba. Mu shida muka haɗu muka shuka furanni a ciki. Bara mun yi asarar tushe bakwai cikin goma na airis. Kuma duk cikinmu babu wadda ta yi ganganci. Kula ce ta yi yawa.

2/ Ra'ayina tun daga farko: lambun haɗaka ba ya rayuwa da kyakkyawar niyya kaɗai. Sai kowa ya san abin da kowane tsiro yake so, kuma a rubuta wa ke yin me. In ba haka ba, mai ƙwazon cikinku ita za ta fi kowa ɓarna.

3/ Ga yadda aka yi. Mun ga hoto a Pinterest, airis shuɗi da lili fari sun jeru gwanin sha'awa. Muka yi karo-karo muka sayo. Airis shi Turkawa ke kira süsen, lili kuma zambak. Muka haƙa rami iri ɗaya, muka binne su zurfi ɗaya, muka raba ranakun ban ruwa. Adalci dai, a ganinmu.

4/ Ashe a ƙarƙashin ƙasa ba su da kama ko kaɗan. Airis ɗin da muka saya, mai ɗan gemu a leɓen furensa, saiwarsa kamar citta take, tana kwance a saman ƙasa. So take bayanta ya fito rana ta buge shi. Ka binne ta, ko dai ta ƙi fure ko ta ruɓe.

5/ Shi kuwa lili kamar kan tafarnuwa yake. Yawancin irinsa ana binne shi zurfin santimita 15 ko kusa da haka, wajen ninki uku na tsayin kansa. Furensa na son rana, gindinsa na son sanyi da danshi. Ɗaya na son a buɗe shi, ɗaya na son a lulluɓe shi.

6/ Da zafi ya shigo, 'yar ɗakinmu ta ga ƙasa ta bushe, ta tausaya. Ta samo ruɓaɓɓen ganye ta lulluɓe filin kaf, kullum da yamma ta zuba ruwa. Ni kuma in na dawo daga aji in ƙara. Lili ya yi ta murna. Airis ya fara faɗuwa ganye-ganye.

7/ Ranar da na tono ɗaya, wallahi sai da na toshe hanci. Saiwar ta yi laushi kamar dankalin da ya lalace a buhu. Dattijon da ke gadin gidan ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce mu je maƙabarta mu ga yadda süsen ke rayuwa, wa ke ba shi ruwa a can?

8/ Kuma gaskiya ya faɗa. Akwai farin airis da asalinsa daga Yaman da Saudiyya ne, an daɗe ana shuka shi a maƙabartun Musulmi har ya bazu ƙasashen Bahar Rum. Ba mai ban ruwa, ba mai taki, amma shekara ta zagayo sai ya fito da fure.

9/ Wata a cikinmu ta ce to ai shi ke nan, ba a haɗa su waje ɗaya. Ban yarda ba. Airis na fure a Afrilu da Mayu, yana gamawa lili ya karɓa daga Yuni, wasu irin har Agusta. Fili ɗaya, fure wata huɗu zuwa biyar. Wannan riba ce babba ga mai ƙaramin waje.

10/ Kuma mu Hausawa wa zai koya mana haɗa shuka? Duk wanda ya taɓa zuwa gona a gida ya ga gero da wake a kunya ɗaya. Manomi ya san gero ake fara shukawa, wake ya biyo baya, ya san tazarar da zai bari. Bai taɓa cewa tunda gona ɗaya ce, komai lokaci ɗaya ba.

11/ Abin da muka gyara: mun yi wa airis tudu a gaban fili, inda rana ke kai awa 6, muka gauraya ƙasar da yashi don ruwa ya riƙa wucewa. Tsakanin tushe da tushe santimita 30 zuwa 40. Bayan saiwar a waje, ba ganye, ba lulluɓi.

12/ Lili ya koma baya, can ƙasa, shi kaɗai ke samun lulluɓi. Ban ruwa da buta ake yi a gindinsa, an daina feshi da tiyo. Taki ma an rage, don takin da ke sa ganye ya yi yabanya shi ke taimaka wa saiwar airis ta ruɓe.

13/ Maƙwabtan airis kuma sai masu jure fari irinsa. Mun sa lavanta, wadda ake turare da ita, da kekik, wato ɗan ganyen ƙamshin da Turkawa ke barbaɗa wa nama. Amma da tazara, kada su yi wa saiwar inuwa. Duk shekara 3 zuwa 4 kuma a tone airis a raba shi a ƙarshen zafi, in ya cunkushe fure yake dainawa.

14/ Sai muka liƙa takarda a bangon kicin: wa ke ban ruwa, wace rana, wane ɓangare. An yi mini dariya, wai na mayar da fure jadawalin jarrabawa. Bana tushe ukun da suka tsira duk sun yi fure, ba wadda ta ƙara dariya.

15/ Saura magana ɗaya da har yanzu muke gardama a kai. Lili guba ne ga kyanwa. Ganye, fure, har garin furen da zai manne mata a jiki ta lashe, yana iya lalata mata ƙoda cikin 'yan kwanaki. Airis ma in ta ci zai ɓata mata ciki, amma bai kai haɗarin lili ba.

16/ Wanda ya san Istanbul ya san kyanwoyi ne masu gari. Akwai guda biyu da ke kwana a filin nan namu. Mu shida muka yi karo-karo, amma masu amfani da wajen takwas ne, biyu ba su da bakin magana.

17/ Ranar Asabar za mu zauna. Uku na so lili ya zauna, don shi ya fi kyau a hoto kuma kuɗinmu ne. Ni zan ce a tone shi a kai baranda mai gilashi a hawa na uku, airis da lavanta su riƙe filin. Na sha wahalar koyon yadda ake haɗa su, na sani, amma ban shirya tsintar gawar kyanwa saboda fure ba.

18/ Ku da ke da lambun haɗaka, a makaranta ko a gidan haya, ya kuke raba aikin? In ku ne a zaman Asabar, wane ɓangare za ku bi?