SHAYI BA BASHI BA NE

A cikin wasiƙun da suka zo mini wannan watan akwai guda biyu masu tambaya iri ɗaya. Ɗaya za ta raka mara lafiya Masar, ɗaya kuma za ta je haɗo lefen ƙaninta, dukkansu suna son sanin yadda ake ciniki a can. To bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ko ba komai kwa tsira daga ramin da na faɗa.

A shekarar 2023 na raka Hajiyarmu Alƙahira ganin likitan ƙashi. Lokacin saura wata uku bikin ƙanwata, sai 'yan uwa suka haɗa kuɗi suka damƙa mini amana, in sayo mata sarƙa da 'yan kunne na gwal, da mayafai da turare. Ni kuwa har da cika baki, wai wadda ta saba da 'yan Kantin Kwari da Kurmi wane ne zai yi mata wayo?

Da jikin Hajiya ya yi sauƙi sai muka nufi Khan Al-Khalili, tsohuwar kasuwar nan da ke maƙwabtaka da Masallacin Husaini, ga kuma Masallacin Azhar a tsallaken titi. Tun ƙarshen ƙarni na 14 aka kafa ta, zamanin Sarki Barƙuƙ, wato ta haura shekara 600. Lunguna ne matsattsu kamar na Kurmi, ga fitilun tagulla a rataye, ga ƙamshin turaren wuta, kai sai wanda ya gani.

Ba mu yi taku ashirin ba sai ga wani saurayi da fara'arsa. "Nijeriya? Ahlan wa sahlan!" Ya ce kawunsa na da shagon turare, mu zo mu gani kawai, ba sai mun saya ba. Muna shiga aka ba Hajiya kujera, aka kawo shayi da na'a-na'a, mai shago sai "ya Hagga, ya Hagga" yake yi, yana shafa mana turare a bayan hannu. Na yi kuskure na farko, na lumshe ido na ce wannan ya yi mini. Ya ce kwalba fam 1,500. Na dubi kofin shayin da na shanye, na dubi yadda aka karrama tsohuwata, sai kunya ta rufe ni, na taya 1,200. Wallahi ban rufe baki ba ya ce "Mabruk!" Nan take gabana ya faɗi, don ko a Kano in ka taya aka sallama maka ba gardama, ka san ka zarce. Amma bakin alƙalami ya bushe, haka na biya kuɗin kwalba uku.

A gidan da muka sauka akwai wata baiwar Allah 'yar Kano, mijinta yana karatu a Azhar. Ta shinshina turaren ta ce, "Anti, wannan ai ba ya wuce fam 400, kuma yaron da ya kai ku yana da la'adarsa a cikin kuɗinki." Na ce ai shayi suka ba mu, na ji nauyin fita hannu rabbana. Ta yi dariya ta ce, "Haba Anti, shayi ai ba bashi ba ne. Al'adarsu ce, ki sha ki yi godiya ki tafi abinki."

Daren nan ban runtsa ba. Da kuɗina ne da sauƙi, amma na mutane ne, wata ma adashenta ta ɗauka ta ba ni.

Washegari ita ta raka ni, kuma a ranar na koyi kasuwa. Ba ta bari na taɓa jakata ba sai da muka tambayi kuɗin mayafi iri ɗaya a shago huɗu. Ta koya mini kalmomi uku: "bikam da", wato nawa ne wannan, "gali awi", ya yi tsada ƙwarai, sai "akhir kalam", wato faɗi gaskiyarsa. Ta ce in ɗaure fuska a kan abin da na fi so, in fara tayi ƙasa da rabi, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin raha. Mayafin da aka ce 900 na taya 300, mai shago ya dafe ƙirji kamar an yi masa mutuwa, irin dai "albarka" ɗin 'yan kasuwarmu. Muka yi sallama muka juya, ba mu kai bakin lungu ba ya kira mu, ciniki ya faɗa a 400. Sai dai ta gargaɗe ni, kada in taya abin da ba ni da niyyar saye, don in ka faɗi kuɗi aka sallama sannan ka zille, kai ka yi abin kunya. Haka kuma in mai kaya ya ce "khalli", wai ki bar kuɗin, kara ce kawai irin tamu, miƙa masa haƙƙinsa.

Gwal kuwa hukuncinsa daban, ku saurara da kyau. A layin maƙeran zinare da suke kira Saga, a kan titin Mu'izz, kuɗin giram sananne ne, kullum da farashin ranar, ba a jayayya a kansa. Abin da ake neman ragi a kai shi ne ladan ƙira, wanda suke kira "masna'iyya". Mutanen Masar sun fi sayen mai lamba 21, akwai kuma mai 18. Ki sa a auna a gabanki, ki duba hatimin da aka buga a jikinsa, in akwai duwatsu ki tambaya ko da nauyinsu aka lissafa, sannan ki karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da lamba. Kada a yi cinikin biri a sama. Kayan sawa na yau da kullum kuwa ku gangara titin Muski, inda 'yan gari suke sayayya.

Amma fa 'yan uwa, neman ragi daban, ƙwara daban. Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in zai saya da in zai sayar. Tsohuwar da ke tallan carbi a bakin masallaci ba ita za ki rama asararki a kanta ba.

Da muka dawo gida na ciro fam 2,400 ɗin nan daga ɗan abin da na samu na littafina na cike gurbi, sannan na gaya wa 'yan uwa gaskiya. Har yau in ƙanwata ta shafa turaren sai ta ce, "Yaya, ga ƙamshin shayin Masar." Ni dai sai in yi murmushi.

Masu tafiya Allah ya kai ku lafiya, ya ba mara lafiya sauƙi, ya sa a yi biki lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.