Hannun Da Ya Ƙi Riƙe Lauje



Wanda ya bi ta Kura zuwa Kadawa lokacin yankan shinkafa ya san aikin hannu. Hagu na damƙe kara, dama na jan lauje, can gefe samari na ɗaga dami suna fyaɗawa a jikin duro har tsaba ta zube kan tamfol. Duk fyaɗa guda, a ka take farawa.

A 1964, Hans Kornhuber da Lüder Deecke na jami'ar Freiburg a Jamus suka manna wayoyi a fatar kan mutane, suka ce kowa ya motsa yatsa sa'ad da ya ga dama. Sai ga lantarkin ƙwaƙwalwa yana hauhawa sannu a hankali, fiye da daƙiƙa guda kafin yatsan ya motsa. Akwai kuma wata igiyar lantarki mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa muddin hannu na hutawa. Da mutum ya ƙudurta ɗaga hannun dama, sai ta lafa a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ko a zuci ya raya ɗagawar, tana lafawa.

Ina ruwan manomin Bunkure da wannan? Hawan jini ne ya sa ya zama ruwansa. Magidanci ya tashi da asuba hannunsa ya saki, baki ya karkace, sai a ce iska ta buge shi. A kawo man zafi, a kira wanzami ya yi tsaga a dantse. Alhali dantsen lafiyarsa lau, shanyewar ɓarin jiki ce, a ƙwaƙwalwa matsalar take. In ruwan Tiga bai iso fadamarka ba, ai ba fadamar kake tona ba, magudana kake bi ka nemo inda ta toshe.

Shi ya sa likitocin gashin ƙashi ke matsa wa mai shanyewar ɓarin jiki ya riƙa yunƙurin kama kofi kullum, ko da yatsun ba su amsa ba. Maimaita yunƙurin ne ke koya wa sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira karɓar aikin.

Amma wannan daga baya ne. Ranar farko, mota za a nema zuwa asibiti, ba sai an jira gobe ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a gane ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, domin maganin wannan yana iya kashe mai wancan.