Turanci Ma Yana da Sakkwatancinsa

Ran nan muna zaune a ɗakin hutawa na ɗalibai muna kallon ƙwallon Ingila. Da aka tashi daga wasa sai aka shiga hira da wani ɗan wasa mutumin Gilasgo. Ya yi magana ta kusan minti biyu, amma a cikinmu babu wanda ya tsinci abin kirki. Sai wani abokina, wanda ya ci Turanci da kyau a jarrabawar fita sakandare, ya yi tsaki ya ce, "Wannan Bature ne kuwa? Ai ko Turanci bai iya ba." Aka bushe da dariya, har da ni. Amma da na koma ɗaki sai maganar ta tsaya mini a rai. Yaya za a ce mutumin da ya sha harshe a nono bai iya shi ba, mu da muka koye shi da bulala mu ne muka iya?

'Yan'uwana ɗalibai, gaskiyar magana ita ce tun muna firamare aka sa mana a ka cewa Turanci guda ɗaya ne tak, wato irin na littafi da na rediyon BBC. Alhali kuwa tsibirin Birtaniya cike yake da kare-karen harshe. Ɗan curin burodi guda, mutumin Notingam ya kira shi "cob", na Mancesta ya ce "barm", na Kobantiri ya ce "batch". Mutanen gabashin Landan suna da wani irin zaurance, inda sukan ce "apples and pears" suna nufin matakalar bene, don kawai ƙarshen kalmomin ya yi amo ɗaya. In ka haura Sikotilan kuwa, abin sai ya ƙara nisa. Yaro "bairn" ne a Edinbara, "wean" ne a Gilasgo. In tsohuwa ta ce za ta tafi "messages", cefane za ta, ba wani saƙo da aka ba ta. Mutumin Gilasgo yakan ce "how?" a inda littafi ya ce "why?". A Abadin kuma, sautin "wh" yakan koma "f", shi ya sa "what" ta zama "fit". Duk wanda ya san yadda Bakano ke cewa "fari" Basakkwace ya ce "hwari" ba zai yi mamakin wannan ba.

To, daga ina wannan bambanci ya samo asali? Harshen da mutanen kudanci da gabashin Sikotilan ke kira "Scots" da Turancin Landan 'yan ɗaki ɗaya ne, domin duka daga tsohon Turanci suka tsiro, kowane ya kama hanyarsa. Dabam yake da Gelik na mutanen tuddai da tsibirai. Akwai zamanin da da shi ake magana a fada, da shi ake rubuta dokokin ƙasa. Sai a 1603 sarkin Sikotilan, James na Shida, ya gaji sarautar Ingila ya ƙaura Landan da fadawansa. A 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu, ita ma majalisa ta koma Landan. Ga shi kuma Baibul ɗin da ake karantawa a coci na Turancin Ingila ne. Harshen da aka raba shi da fada, aka raba shi da majalisa da wurin ibada, ina ya rage masa in ba gida da kasuwa ba?

Daga nan sai kunya ta shigo. Babban masanin falsafa David Hume, wanda duk Turai ta san da zamansa, ya zauna ya jera kalmomin ƙasarsu da ya kamata marubuci ya guje musu. A 1761 manyan Edinbara suka yi ta tururuwa zuwa laccocin Thomas Sheridan don su koyi furucin Landan, shi kuwa malamin mutumin Ayalan ne! A Ingila kanta haka abin yake. Lafazin da muke ɗauka shi ne Turanci na ainihi, na 'ya'yan masu hali ne da makarantunsu na kwana, kuma masu yin sa 'yan tsiraru ne ƙwarai. Da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yokshaya, karanta labarai a 1941, wasu masu sauraro har wasiƙun ƙorafi suka rubuta. Ashe dai mulki da dukiya ne suka ɗora karin harshe guda bisa sauran, ba wani fifiko da aka halicce shi da shi ba.

Na san wani zai ce, to in kowa ya yi ta nasa, yaya za a yi aikin ofis, yaya za a yi jarrabawa? Wannan magana tana kan hanya, ban musa ba. Dole ne a sami daidaitaccen harshe na rubutu wanda kowa zai karanta ya gane, kuma wajibi ne ɗalibi ya ƙware a kansa. Abin da na ƙi shi ne a mai da daidaitaccen harshe sandar dukan mai karin gida, a auna hankalin mutum da lafazinsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kukan ba shi ke nuna iyakar tashinsa ba.

Su mutanen Sikotilan sun farga. Robert Burns, wanda ya fitar da littafin waƙoƙinsa a 1786 galibi cikin harshen talakawan ƙasarsu, shi ne har yau ake bikin tunawa da shi kowace 25 ga Janairu. A 1994 James Kelman ya ci gasar Booker da littafin da ya rubuta da bakin talakan Gilasgo, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ta fito fili ta nuna ɓacin ranta. A 2001 gwamnatin Birtaniya ta amince da "Scots" cikin harsunan da ya kamata a kare. A ƙidayar 2011 kuma, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi suka ce suna magana da shi. Sai dai an yi asara kafin a farga, domin kalmomi da yawa sun bi tsofaffi kabari.

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu ne gobe za mu zauna a kujerun ɗaukar ma'aikata, mu ne za mu tsaya gaban allo. Sau nawa muka yi wa ɗan'uwanmu dariya a aji don ya ce "shina zuwa" ko "mi kac ce"? Sau nawa wani ya yi shiru a taro, alhali yana da magana mai amfani, don tsoron a kwaikwayi bakinsa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu koyi daidaitacciyar Hausa da Turancin littafi iyakar ƙoƙarinmu, amma kada mu bari ilmin boko ya sa mu ji kunyar harshen da iyayenmu mata suka yi mana reno da shi. Shi kuwa abokina, na gaya masa cewa in wata rana ya sauka a Gilasgo, shi ne za a yi ta tambaya ya maimaita.

Allah ya sa mu gane, amin.